Sabulun da Inna Ta Ɓoye

Hidaya ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ya Inna, ya mai jego, ya ƙanwarmu Waca? Nan Dakar karatu lafiya, abinci ne dai ba ya shiga.

Na ji Inna ta ɓoye sabulun jaririn da na aiko, wai da sukari aka yi shi, kiyashi za su bi yaron. Ki gaya mata an sarrafa sukarin, ba zaƙi. Ki nuna wa ungozoma. In ta yarda, a gwada a ƙafarsa, ban da cibiya.

Na ga hoton ƙanena Gajere rungume da yaron, har man kaɗanyar da ya kawo ake shafa masa. Ɗan fari ne, bai kamata in tanka ba. Amma hannuna bai taɓa ɗana ba. Ku bari sabuluna ya taɓa shi.

Allah ya raya.

Yayanki,
Nassirou