Turancin da Na Saro a Yola

Garwa, daren Laraba, ƙarshen Maris

Ni na jawo wa kaina. Shekaranjiya Hadiza ta zo da aikin makaranta, wai ta kawo ma'anonin kalmar Ingilishi "get" da asalinta. Ni da Faransancin ma a aji huɗu muka rabu! Amma ina uba zai ce wa 'yarsa bai sani ba? Na gyara zama na ce ai samu ne kawai, na sha jin ta a kasuwar Yola lokacin da nake sarin atamfa. Asali kuwa, na ce a bakin 'yan kwale-kwalen Binuwai Turawa suka tsince ta. Har da rantsuwa.

Yau ta dawo da maki biyu bisa ashirin. Malamarsu, Madam, ta karanta wa aji amsar, aka yi ta dariya, sannan ta buɗe ƙamus: samu, isa wuri, gane magana, tashi daga barci, shafi biyu cur. Wai daga can arewacin Turai kalmar ta fito.

Na so in mai da abin wasa. Na ce, "Uwata, biyun ma ai albarkacina ne."

Ko murmushi. Ta ce, "Baba, Madam ta tambayi wanda ya gaya mini. Na ce ni na ƙirƙira."

Tuwon ma kasa ci na yi. Ga gajiya, ga zafi, barci ya ƙi zuwa. Gobe ƙarfe bakwai zan raka ta har cikin ajin. Dariyar nan tawa ce, gara in je in karɓi abata.