Kitson Ƙarshe da Kika Yi Mini

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Allah Ya kai haske kabarinki. Na san takardar nan ba za ta iso gare ki ba. Ko kina raye ma ni zan karanta miki, tunda boko bai taɓa burge ki ba.

Gida lafiya. Yaya Sani ya gyara rufin ɗakinki. Kwalbatin ƙofar gida, wanda 'yan siyasa ke ta alkawarinsa tun da soja suka koma bariki, yana nan yadda kika bar shi. Matan Gobarau da kike yi wa kitso sun watse. Wasu har Ƙofar Kwaya suke zuwa, su dawo suna kushe hannun mutane.

Ni ce dai ba lafiya. Bayan addu'ar arba'in na daina zuwa makarantar da nake koyarwa a Batagarawa. Ba kuka nake ba, zama kawai nake. Abinci ba ɗanɗano, wanka sai an yi da gaske. Gwaggo Rabi ta kawo rubutu na sha. Likita ta ce ciwon damuwa ne, ta ba ni ƙwayoyi, wata uku ina haɗiya ban ga wani sauyi ba.

Sai ta kawo maganar wata na'ura. Kada hankalinki ya tashi, ba wutar nan da ake jona wa mutum yana fizge-fizge ba ce. 'Yar akwati ce mai batir, ba ta kai rediyonki girma ba. Soso biyu ake jiƙawa da ruwan gishiri a ɗaura a gaban kai, wuta 'yar kaɗan ta riƙa ratsawa kamar rabin awa. Ba yanka, ba allura. Ba ta yi mini alkawarin warkewa ba, ta ce wasu suna dacewa, wasu ba sa dacewa.

Da na cire ɗankwali sai likita ta tsaya tana duban kaina. Kitson shukun da kika yi mini ne, sati guda kafin ki kwanta ciwo. Wata biyar ban tsefe ba, duk ya cukurkuɗe. Ta ce dole soson ya taɓa fata, sai na tsefe za a fara. Na ɗaura ɗankwalina na dawo gida, sati biyu ban koma ba.

Me zan ce mata, Inna? An raba tufafinki, an bayar da kwanukanki. Cikin duk abin da hannunki ya yi, wannan kaɗai ya rage. Ya zan warware shi don soso da ruwan gishiri?

Wata Laraba da hantsi na ɗauko kibiyarki ta kitso, na zauna inda nake zama a gabanki, na tsefe da kaina. Gashi ya zube ba kaɗan ba. Ga abin da ban taɓa faɗa miki ba: hannunki da zafi. Shekara talatin kina ja mini gashi, ina cewa ba zafi don kada ki kira ni raguwa. Ranar kuwa zafin nan nake nema, ban samu ba. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na koma wurin likita, yanzu na yi zama goma sha biyu da na'urar. Wurin yana ɗan ƙaiƙayi kamar kiyashi na tafiya, fatar ta yi ja, anjima ta koma. Ban sani ba ko na'urar ce, ko ƙwayoyin, ko tsifar. Na dai koma aji ranar Litinin. Jiya kuma na ji gishiri ya yi yawa a miyar Gwaggo, har na faɗa mata.

Amma ba duka na tsefe ba. Gaban kai likita take buƙata, sai na bar layi ɗaya a ƙeya, ƙaramin nan da kike ƙarasawa da shi kina faɗan in daina motsi. Ya fara saki da kansa. Ba zan taɓa shi ba, ba kuma zan bari wata ta gyara ba. Ranar da ya ƙarasa warwarewa, na san kin gama mini kitso.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Sai mun zo.

'Yarki mai motsi,
Hadiza