Tsohon da Yake Sa Ni Sake Shigowa

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da mai gidanki da jikokina. Yaya ƙafar mahaifiyarki? Ni lafiya lau, sai tumbi.

Tsohon nan da nake tuƙawa, mahaifin likita Ba'indiye na asibitin Shumaisi, ashe babban darakta ne. Tun kafin a haife ki yake shirya fina-finai da yarensu na Telugu, irin masu rawa a kan dutse da suka hana ubanki gama firamare. Yanzu hankalinsa ya fara gushewa. Kullum na shigo falo sai ya kore ni in sake shigowa, wai shigowar ba ta yi ba. Ni kuwa in dawo da ɗingishi, ya yi ta dariya.

Jiya likitan ya nuna min wani tsohon fim ɗinsa. Akwai ɗan barkwanci mai ɗingishi a ciki, shi tsohon yake zaton ni ne. Wai a wajen aiki ɗan barkwancin ya mutu, nesa da iyalinsa.

Yau na shigo, bai kore ni ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa. Sai da na matsa likitan ya fassara: "Wai ta yi. Ka gama, ka tafi gida."

Na yi dariya, amma abinci ya ƙi shiga. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ta kusa ƙarewa, ba zan sabunta ba. Ki gaida kowa, ki sa yara su yi min addu'a in iso da ƙafata.

Babanki