Baba Ba Ya Ganin Allon Jirgi

Tolú, 6 ga Yuli

Zuwa ga Yayana Dagoberto,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti Nuris da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa sanyin Bogotá bai takura muku ba. Mu nan muna lafiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma suyar kifinta a bakin ruwa, da faɗanta da komai.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba zan iya ba, kullum kunnen Mama yana kusa. Ka san tun da aka sa wa jirginmu sabbin allunan nan biyu, ɗaya a sama wurin tuƙinsa, ɗaya a ƙasa wurina, haɗe suke. Taswira ɗaya, zurfin ruwa ɗaya, abin da ya taɓa a can sai ya bayyana a nan. To wata biyu ke nan allona yana ƙara haske da kansa har ya kashe mini ido. In rage, ya dawo. Na kira Wilfrido mai gyara, ya duba, ya yi dariya, ya ce 'yar kyaftin, allonki ƙalau yake, na sama ne ke murɗa hasken har ƙarshe, ki je ku sasanta da tsohonki. Ni ban yi dariya ba.

Ran Alhamis muna dawowa daga tsibiri da fasinja goma sha ɗaya, sai na ga alamar jirginmu ta bar layin da muke bi, ta nufi duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa. Ƙararrawar zurfi ta yi kuka sau biyu ta yi shiru, don ya kashe ta daga sama, kuma in aka kashe can, nan ma ta mutu. Na hau da gudu. Na same shi hancinsa kusan a jikin allo, yana laluben layin da yatsa. Na kama sitiyarin na karkata. Yaya, da idona na ga dutsen ya wuce ta gefenmu. Ya ce wai gishiri ne ya ɓata gilashin, kuma shi ya san mashigar nan tun ban san hannun damana ba, in sauka in ba shi wuri. Yanar ido ce. Na gan ta, fara, a na hagu.

Ga babbar damuwar: bana jirginmu aka zaɓa ya ɗauki mutum-mutumin Budurwa Maryamu a zagayen teku na bikin coci ranar sha shida ga wata. Shekara talatin Baba yana jiran wannan. Ya yi sabon fenti, ya sayi farar riga. Mutum arba'in za su hau, har da yaran mawaƙan coci, kuma ta mashigar nan za a bi, kwale-kwalen gari duka a bayanmu. Na roƙe shi in tsaya kusa da shi a sama, ya ce a ranar, fada, limamin cocinmu, shi kaɗai zai tsaya gefensa, kamar yadda aka saba.

Akwai wani maɓalli a wurina. In na danna shi, sitiyari da totur su dawo hannuna, nasa su zama banza, allonsa kuma ya yi ƙara kowa ya ji. Ban taɓa danna shi ba. Ina jin tsoro ƙwarai, abinci ma ba ya shiga. Don Allah ka kira shi kafin ranar, maganarka yana ɗan ji. Kada ka ce ni na faɗa.

Ka gaishe da Anti Nuris, da Yeison da 'yar auta Marelvis, da Kawu Anselmo in kun haɗu. Mama tana gaishe ku.

In ya ƙi ji, Yaya, zan danna, a gaban fada da gari duka. Na san ba zai sake yi mini magana ba. Kai dai in ka zo, kada ka bi bayansa ka juya mini baya.

Ƙanwarka,
Yorledis