Tsarabar da Na Kai wa Auta

Litinin, 3 ga Maris

Auta na da ciki. Umma ce ta kira ni ina tsakiyar koya wa 'yan ajina waƙar launuka, muryarta har rawa take don murna. Ƙanwata, wadda ni na koya mata ɗaura ɗankwali. Ko shekara ba ta rufa a gidan miji ba. Nawa shekarun auren ba zan rubuta ba, na gaji da ganinsu.

Na ce "Masha Allah" da ƙarfi, har yaran suka maimaita.

Laraba, 5 ga Maris

Kumatu, 'yar ajina mai son goyo, ta zo da ƙuraje ja-ja a fuska. Wasanta take yi garas. Ta wuni a cinyata, ta yi min atishawa a ido, na goge da gefen mayafi. Na ce wa uwarta ƙurajen zafi ne, ta shafa mata hoda.

'Ya'yan mutane dai su ne nawa, daga safe zuwa azahar.

Asabar, 15 ga Maris

Na je gidan Umma. Auta ta tare a can wai laulayi. Sarauniya! An shimfiɗa mata katifa a falo gaban fanka, an ba ta matashin nan mai laushi da Umma ke hana kowa taɓawa. "Auta kar ki sunkuya." "Auta ga lemo." Ni kuwa ko mayafi ban cire ba aka miƙo min bokitin wanki.

Da amai ya taso mata ni na riƙe mata goshi. Muka sha shayi a kofi ɗaya, don ta ce nawa ya fi daɗi. Haka take tun tana ƙarama, na hannuna ne kullum ya fi. Ta ɗora kai a cinyata ta ce, "Yaya, ke za ki raine shi fa." Na yi dariya. A raina na ce, wato ke haihuwa, ni wankin kashi.

Kaina na ɗan sarawa, maƙogwaro na ƙaiƙayi. Gajiya ce.

Alhamis, 20 ga Maris

Na tashi da ƙuraje tun daga fuska har ƙirji. Bayan kunnuwana ya kumbura kamar an cusa tsakuwa, yatsuna ba sa lanƙwasuwa. Ni da girmana! Maigidan ya ce mu tafi asibiti.

Juma'a, 21 ga Maris

Jiya ban iya riƙe biro sosai ba. Ga abin da ya faru.

Nas ta duba ni, ta ɗebi jini, ta ce tana zaton rubela ce. Na ce ni ƙyanda na sani. Ta ce suna kama, amma kowacce da halinta. Ƙyanda takan zo da zazzaɓi mai zafi, tari, jan ido, tana makanta yaro, tana kisa. Rubela kuwa sanyi-sanyi take zuwa, kwana kaɗan ta wuce. Duk ta iska suke kama mutum, kuma allura ɗaya ce ke tare su biyun.

Sai ta ce, "Kina da ciki?" Aka gwada. Babu. Ta ce, "Alhamdulillahi." Tunda nake zaryar asibiti ba a taɓa gode wa Allah a kan babu ɗina ba sai jiya.

Na tambaye ta dalili. Ta ce ita rubela ɗan cikin take nema, musamman a watannin farko. Ɓari, ko a haife shi kurma, ko da yana a ido, ko da ciwon zuciya. Kuma mutum na yaɗa ta kusan mako guda kafin ƙurajensa su fito. Ta ce, "Akwai mai sabon ciki da kika zauna da ita?"

Kofin shayin nan na fara tunawa.

Asabar, 22 ga Maris

Na kira Umma. Da farko ta ce, "Haba, ai kin yi ƙyanda kina goye, har na cire rai da idonki. Ba ta dawowa." Na ce wannan daban ce, na faɗa mata sauran. Sai na ji tana ƙwala wa Auta kira. Ta kashe wayar. Ko "ya jikin naki" babu.

Mijin Auta ya kai ta an ɗebi jini. In jikinta na da kariya tun da, shi ke nan. In babu... An ce ba a yi wa mai ciki allurar. Sai jira.

Litinin, 24 ga Maris

Ƙurajen sun fara bajewa. Sakamakona ya fito, ita ce.

Ina zaune a ɗaki an hana ni fita, sai juya abu ɗaya nake. Na ji haushin cikin nan, Allah ya sani. Na ji haushin matashin, da lemon, da muryar Umma. Amma ban taɓa roƙon wani abu ya same shi ba. Na bincika zuciyata ciki da bai. So nake ya zama nawa, iyakarta ke nan.

Maigidan ya ce, "Ke kika ƙirƙiro cutar? Sha maganinki." Shi komai a wajensa kamar gyaran firji ne.

Talata, 25 ga Maris

Auta ta kira sau da yawa. Ban ɗaga ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Yau na ɗaga, don ta aiko cewa in ban ɗaga ba za ta zo da ƙafarta.

Dariya take. "Yaya, likita ya ce ina da kariya! Kin tuna ranar da na dawo daga makaranta da tawada a ɗan yatsa ina kuka?"

Na tuna mana. Masu rigakafi ne suka je makarantarsu. Ni lokacin na wuce shekarun da ake yi wa. Ta dawo tana riƙe da damtse kamar an sare shi, Umma ta saya mata biskit da madara mai sanyi, ni ko tayi. Na wuni ina kumbure-kumbure.

Wato har allurar ma ita ta samu.

Na ajiye wayar na yi kuka har maigidan ya leƙo a tsorace. Na ce masa yatsuna ne ke ciwo.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na koma aiki. Asibiti sun turo masu allura saboda ajina. Wata uwa ta ce ɗanta lafiyarsa ƙalau, me zai yi da allura. Na kalli cikinta da ya fara tasowa, na ja ta gefe. Ban san na iya faɗa haka ba. Ni na riƙe mata yaron aka yi masa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Gidan Umma. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga, sai da Auta ta jawo ni da mayafi. Umma ta taɓa goshina ta ce na rame, sannan ta miƙo min bokiti. Matashin yana nan inda yake, ƙarƙashin kan sarauniya. Har yanzu yana ba ni haushi, kar in yi ƙarya.

A hanyar dawowa na ga wata 'yar safa ruwan ƙwai a shago, ko tafin hannuna ba ta kai ba. Kyanta kawai na gani. Mai shagon ta ce ta wa ce, na ce ta ɗana.

Bakina ne ya suɓuce. Ban dai gyara ba.