Baƙin Tabo a Hoton Ƙashin Baba

Daren Laraba, Wurno

Yau munka karɓo hoton ƙashin Baba a Sakkwato, wata goma bayan an sa mishi ƙarfe a kwatangwalo. Ga wani baƙin tabo daidai jikin ƙarfen. Baba na waje, likita ya ce mini tunda ba da simintin asibiti na liƙe ƙashi anka liƙa ƙarfen ba, wataƙila ƙashi ne ke kama ƙarfen, haka kuwa ake so. Wataƙila kuma ƙarfen ne ya fara girgiɗi, sai an gwada jini. Tabo guda, ko sauƙi ko ciwo? Kaina ya ɗaure.

Cikin mota Baba ya ce, "Mi anka gani?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba."

Yanzu ya ce gobe fadama za shi dashen albasa. Da wane bakin zan hana shi?