Sojan da Na Bayar Kyauta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan taka. Mu nan lafiya lau. Inna ta warware, Auta kuma ta samu aikin koyarwa, har ta fara yi mana gyaran magana a gida.

Yaya, ranar Asabar aka yi wasan ƙarshe a ƙungiyarmu ta ces, darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya da dawaki da sojoji, a ɗakin nan na saman shagon littattafai. Wanda ya ci, shi za a tura gasar da za a yi a garinku. Da Mai Agogo aka haɗa ni, dattijon da ke gyaran agogo a bakin layinmu, wanda shekara shida ban taɓa cin sa ba. Fararen 'ya'yan wasan ne nawa. Na tura sojan gaban sarauniya, ya tare shi da nasa, sai na tura na kusa da shi na bar masa kyauta, irin buɗe wasan da ka koya min muna yara, kana cewa a saki soja ɗaya a kama tsakiyar fili. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ashe yau da tsaraba na zo, ya ɗauke abinsa.

Daga nan ban san inda hankalina ya tafi ba. Hasken la'asar ya shigo ta taga ya kwanta a kan allon, fanka tana juyawa a hankali, sai na ga kamar hannunka ne ke ɗaga dokina, har ina jin ƙamshin sabulun rigarka ta makaranta. Shi Mai Agogo yana ta faman gadin sojan da ya ci, 'ya'yan wasana kuwa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar sun san hanya. Hankalina bai dawo ɗakin ba sai da na ji ya ja numfashi. Ya kwantar da sarkinsa alamar ya sallama, ya miƙo min hannu, ya ce in tafi lafiya, amma kada in ba ƙungiyarmu kunya.

Ka gaishe da matarka, da ɗanka Dogo, da 'yarka, ƙaramar Innarmu mai rigima. Ranar sha biyu ga wata mai zuwa zan iso, in Allah ya yarda. Shekara tara ke nan rabonmu. Ka zo tasha da kanka, ka duba da kyau, don na yi furfura, kada ka wuce ni.

Naka har kullum,
Ƙaninka